Kwamfuta ta ba Baffana maki 81, gwajin kaki kuma bai ga tarin fuka ba: wanne zan bi?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani asibitin sha-ka-tafi a jihar Jigawa. A watan jiya motar ɗaukar hoton ƙirji ta zo garinmu, irin wadda kwamfuta ke duba hoton nan take ta ba da maki. Baffana mai shekara 63, wanda ya sha maganin tarin fuka shekara 8 da suka wuce har ya kammala, ya samu maki 81. An karɓi kakinsa, gwajin kaki na GeneXpert ya ce ba a ga ƙwayar cutar ba. Amma mai kemis ɗin unguwarsu ya ce ai kwamfuta ta riga ta ce kashi 81 cikin 100 yana da cutar, ya haɗa masa magani, yau kwana 12 yana sha. A ranar kuma wata maƙwabciyarmu mai jego, wadda ta fi wata guda tana tari tana ramewa, ta samu 34, aka ce ta tafi gida ba ta da komai, ko kakinta ba a karɓa ba. Na ɗauki hoton allon kwamfutar da wayata na tura wa ChatGPT, shi ma ya ce hoton Baffa yana da alamun tarin fuka. Hankalina ya tashi ƙwarai. Kwamfutar ce ta yi daidai ko gwajin kaki?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tashin hankalinka yana da dalili, don haka kafin in shiga bayanin na'ura bari in gabatar da abin da ba zai jira ba. Maƙwabciyar nan taku ta fi Baffa ba ni tsoro. Matar da ta haura wata guda tana tari tana ramewa, ƙa'idar shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ta riga ta sanya ta cikin waɗanda dole a gwada kakinsu tun ranar da tarin ya cika mako 2, ko an ɗauke ta hoto ko ba a ɗauka ba, ko kwamfuta ta ba ta 34 ko ta ba ta sifili. Ka karɓi kakinta gobe da safe ka tura shi, kada ka jira motar ta dawo. Shi kuwa Baffa, a kai shi wurin likitan cibiyar tarin fuka cikin makon nan, a tafi da duk kwalaye da ledojin maganin da mai kemis ya ba shi, da katin maganinsa na da in yana nan, da tsohon hoton ƙirjinsa in an adana. Idan idonsa ya fara yin ruwan ɗorawa, ko yana amai, ko yana jin ciwo a gefen damansa ƙarƙashin haƙarƙari, ko ganinsa ya fara dusashewa, to a dakatar da maganin a kai shi asibiti a ranar, domin uku daga cikin magunguna huɗu na tarin fuka suna iya taɓa hanta, na huɗun yana iya taɓa jijiyar ido, kuma haɗarin hanta ya fi yawa ga masu irin shekarunsa.

Aikina shi ne gwada irin waɗannan manhajoji a kan hotunan marasa lafiya tare da likitocin hoto, kuma babu jimlar da ta fi yi mana ɓarna irin "kwamfuta ta ce". Daga marasa lafiya nake jin ta, daga masu kemis, kuma abin takaici har daga ma'aikatan lafiya waɗanda suka san bambancin gwajin tantancewa da gwajin tabbatarwa sarai, amma da zarar sun ga lamba a kan allo sai ilimin ya gudu. Maki 81 ba ya nufin kashi 81 cikin 100 na yiwuwar cuta. Manhajar CAD4TB ta kamfanin Delft na ƙasar Holan, wadda ake aiki da ita a motocin da ke yawo a Najeriya, tana ba kowane hoto maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda inuwa da farin da ke cikinsa suka yi kama da na hotunan masu tarin fuka da aka horar da ita a kansu. Jeri ne kawai na wanda hotonsa ya fi na wani kama da na masu cutar. Mai 81 yana gaban mai 60 a layi, mai 60 yana gaban mai 34, iyakar abin da lambar ta faɗa ke nan. Da za a ba manhajar qXR ta kamfanin Qure.ai na Indiya ko ta Lunit ta Koriya ta Kudu wannan hoton na Baffa, wata lambar daban za su fitar, kuma ko CAD4TB ɗin kanta idan aka sauya tsohon samfurinta da sabo makin hoto ɗaya yana canzawa, har ya zama dole a sake auna iyakar da ake yanka a kai, wato makin da in mutum ya haura shi ake tura shi gwajin kaki. Abin da ke sauyawa idan an sabunta manhaja alhali huhun mutum yana nan yadda yake, yaya za a ɗauke shi hukunci a kan jikin mutumin?

A watan Maris na 2021 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da waɗannan manhajoji, kuma ya kamata duk wanda ke aiki da su ya san iyakar abin da ta amince da shi. Ta ce za su iya maye gurbin mutum wajen karanta hoton ƙirji na dijital, ga masu shekara 15 zuwa sama, domin tantance waɗanda za a tura gwajin tabbatarwa. Ba ta ce a fara wa kowa magani da makin kwamfuta ba. Mizanin da hukumar ta gindaya wa irin wannan gwaji a 2014 shi ne ya kamo aƙalla 90 cikin kowane 100 masu cutar, kuma ya sallami aƙalla 70 cikin kowane 100 marasa ita. Ka ɗauki takarda mu lissafa tare. A ce mutum 1,000 suka hau motar, kuma a matsayin misali 10 daga cikinsu ne ke da tarin fuka. Manhajar da ta cika mizanin nan daidai za ta kamo 9 ta bar 1 ya wuce. Daga cikin 990 da ba su da cutar kuma, za ta tsayar da 297. Ke nan mutum 306 ne makinsu zai haura iyaka, 9 kacal ne masu cutar a cikinsu, wato kimanin 3 cikin 100. Wannan ba lalacewar na'ura ba ce, haka aka tsara ta da gangan, domin gara a ɓata katirij 297, wato ɗan mazubin da ake sa kaki a ciki a na'urar GeneXpert, da a bar masu cutar su koma gida suna yaɗa ta. Amma idan mai kemis zai riƙa tare duk wanda makinsa ya haura yana haɗa masa magani, to cikin kowane mutum 34 da ya sayar wa, kusan 33 ya ɗora musu wahalar da ba tasu ba. Gaskiya ne cewa mai maki 81 ya fi mai 55 kusa da cutar, amma Baffa na cikin rukunin da makin ya fi yaudara a kansu.

Manhajar ba ta ganin ƙwayar cuta, ɓarnar da aka yi wa huhu take gani. Bangon da gobara ta taɓa ci yana riƙe da baƙin hayaƙinsa ko da wutar ta mutu shekara goma, kuma wanda hoton bangon kaɗai aka nuna masa ba shi da hanyar sanin ko har yanzu ana ci. Mutumin da ya yi tarin fuka ya warke sau da yawa yana rayuwa da tabo a saman huhunsa, da jijiyoyin da suka tattare, wani lokaci da kogon da bai rufe ba, kuma waɗannan su ne ainihin siffofin da aka koya wa manhajar ta ɗaga wa maki. Jan launin nan da ake gani a kan hoton, wanda mutane ke nuna wa juna suna cewa ga cutar nan, alama ce kawai ta sashen hoton da ya fi ɗaga makin. An gwada wannan al'amari sosai. A wani bincike da aka buga a 2021, an tattara hotunan ƙirji kusan 24,000 daga cibiyoyin tantancewa uku a birnin Dhaka na Bangaladash, aka ba manhajoji biyar su karanta, aka kwatanta da sakamakon GeneXpert. Dukkan biyar ɗin sun fi likitocin hoton da aka gwada su da su, abin da kamfanoni ba sa gajiya da maimaitawa. Sashen da ba a cika maimaitawa ba shi ne cewa dukkansu sun yi rauni a rukuni biyu: waɗanda suka haura shekara 60, da waɗanda suka taɓa shan maganin tarin fuka. Baffa ya shiga duka biyun. Da a ce a ranar da ya kammala maganinsa shekara 8 da suka wuce aka ɗora shi a kan wannan mota, mai yiwuwa da babban maki zai sauko.

Kada wannan ya sa ka ɗauka na wanke shi. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi sauran mutane haɗarin sake kamuwa, kuma GeneXpert ba ya kama kowa, musamman idan yawu aka tofa a kwalbar maimakon kaki daga ƙirji, ko ƙwayoyin cutar ba su da yawa. Likita na iya sake neman kaki, ya tura a shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, ya kwatanta sabon hoto da tsoho, kuma yana da hurumin yanke cewa a fara magani ko da gwaji bai nuna ba, idan alamomi da hoto suka taru suka nuna haka. Amma a lokacin za a yi wa Baffa rajista, a auna nauyinsa a ba shi adadin da ya dace, a bibiye shi tsawon wata 6, kuma kyauta. Haka kuma likita zai yi tunanin abubuwan da kwamfutar ba ta da labarinsu. Akwai fumfuna da ke samun mazauni a tsohon kogon huhu ta sa tari da fitar jini, kuma ana yawan ɗaukarta tarin fuka ne ya dawo, a yi ta ba mutum magani zagaye bayan zagaye ba sauƙi. Akwai sankarar huhu, wadda duk watan da aka ɓata ana shan maganin da ba nata ba ribarta ce. Akwai ƙurar dutse da ke taurara huhun masu haƙar zinariya da masu fasa dutse, irin waɗanda muke da su a Zamfara da wasu sassan Arewa, wadda ke ɗaga makin kwamfuta kuma a lokaci guda tana ƙara haɗarin tarin fukan kansa. Ka tambayi Baffa sana'ar da ya yi a ƙuruciyarsa, ka faɗa wa likita.

Abin da mai kemis ɗin nan ya yi ba taimako ba ne, kuma ba zan yi masa uzurin rashin sani ba, domin wanda bai sani ba ai sai ya tura mutum inda aka sani. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, don haka duk wanda ya sayar da shi a kan kanta ya karɓi kuɗi a kan abin da mara lafiya zai samu ba ko sisi. Ba ya auna nauyi, ba ya gwada hanta, ba ya rajista, kuma ranar da kuɗin iyali ya ƙare ranar magani ke tsayawa. Idan Baffa ba shi da cutar, an jefa hantarsa cikin haɗari a banza. Idan kuma yana da ita, an yi abin da ya fi muni, domin shan magani rabi da rabi shi ne babbar hanyar da ƙwayar cutar ke koyon bijire wa rifampicin da isoniazid, manyan magungunan tarin fuka biyu, sannan kwana 12 da ya yi yana sha na iya rage ƙwayoyin da za su tsiro idan aka shuka kakinsa, wato an dagula wa likita hujjar da zai yi aiki da ita. Wasu ma ba maganin tarin fukan suke bayarwa ba, ciprofloxacin ko levofloxacin suke haɗawa, waɗanda ke kwantar da tarin na ɗan lokaci su jinkirta gano cutar, kuma levofloxacin na cikin dangin magungunan da muke tanadi domin masu tarin da ya bijire. Shi ya sa na ce a tafi da kwalayen, likita ya ga ainihin abin da aka ba shi.

Mu koma kan maƙwabciyarku, domin kuskure ɗaya ne ya juyo da ɗaya fuskarsa. Wanda ya yarda babban maki hukunci ne, dole ya yarda ƙaramin maki takardar sallama ce. A lissafin da muka yi ɗazu, mutum 1 cikin 10 masu cutar ya wuce ba a tsayar da shi ba, kuma wannan a manhajar da ta cika mizani ke nan. Su wane ne ke wucewa? Waɗanda cutarsu ba ta yi nisa a huhu ba, da masu cuta mai karya garkuwar jiki waɗanda garkuwarsu ta yi ƙasa sosai har jikin ba ya iya yin kogo ko tabon da hoto zai nuna, da waɗanda tarin fukan ya kama musu wani wuri daban, kaluluwar wuya ko ƙashin baya ko ciki ko lulluɓin ƙwaƙwalwa, inda hoton ƙirji ba ya kaiwa ko kaɗan. Watannin farko bayan haihuwa lokaci ne da tarin fuka ke yawan bayyana, kuma ga jariri a jikinta dare da rana, wanda in ya kamu cutar ta fi saurin kai masa ƙwaƙwalwa. A yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki tare da na kaki. Idan kuma tana haki in ta kwanta ko ƙafafunta sun kumbura, likita ya duba zuciyarta, domin raunin zuciya bayan haihuwa abu ne da likitocin Zariya da Kano da Sakkwato suka daɗe suna rubutu a kan yawansa a tsakanin matanmu, kuma makin tarin fuka ba a kansa aka gina shi ba. Wanda ya ce mata ba ta da komai ya faɗi abin da manhajar kanta ba ta faɗa ba.

Game da hoton da ka tura wa ChatGPT, na san damuwa ce ta sa ka, amma ka daina. Hoton da na'urar ke ɗauka yana ɗauke da matakan duhu da haske sama da 4,000, wayarka kuma tana matse su zuwa 256, ta ƙara da ƙyallin allo da karkatar hannu, idan kuma ya bi ta WhatsApp a sake matse shi. Akwai kamfanonin da suka ƙera hanyar ɗaukar hoton fim da waya, amma da manhajarsu ta musamman da ƙa'idojinta, kuma amincewar 2021 a kan hoton dijital na asali aka yi ta. ChatGPT da ire-irensa ba a tantance su a matsayin na'urar karanta hoton ƙirji ba, kuma suna ba da amsa cikin lafazi mai daɗi da natsuwa ko sun dace ko ba su dace ba. Idan ma ka ambata masa tarin fuka a tambayarka, ka riga ka nuna masa inda zai karkata. Ga kuma sunan Baffa da shekarunsa da yawanci ke rubuce a kusurwar allo, alhali bayanin lafiyar mutum amana ce a hannun ma'aikaci, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa shi cikin bayanan da ake tsananta kiyayewa. A garuruwanmu da har yau ake ware wa mai tarin fuka kwano, hoto ɗaya da ya shiga zauren WhatsApp na iya ɓata wa gida guda neman aure.

Mu da ke cikin wannan fanni mun fi kowa tsoron waɗannan manhajoji, domin mun san yadda suke samun amsa daidai ta hanyar da ba daidai ba. A 2018 wasu masu bincike a Amurka sun horar da manhajar gano ciwon sanyin huhu da hotunan asibitin Mount Sinai na New York da na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, ta yi kyau, amma da aka kai ta wani asibiti a Indiana sai ta ja baya. Da suka bincika sai suka ga ta koyi gane asibitin da hoto ya fito, har da taimakon ɗan ƙarfen da masu ɗaukar hoto ke ajiyewa a kusurwa don nuna hagu da dama, kuma tun da kusan kashi ɗaya cikin uku na hotunan asibiti ɗaya masu ciwon ne, na ɗayan kuma kimanin 1 cikin 100, sanin asibitin kaɗai ya ishe ta cin maki mai yawa. A lokacin korona, masu bincike a Jami'ar Cambridge sun bi takardu fiye da 2,000 da suka yi iƙirarin gano cutar daga hoton ƙirji, suka tace su zuwa 62, kuma a 2021 suka bayyana cewa babu ko ɗaya da ta cancanci a yi aiki da ita a asibiti. Google ma da ya kai manhajarsa ta duba idon masu ciwon suga zuwa asibitoci 11 a Tailan, ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, domin ɗakunan ba su da irin duhu da kayan da ta saba da su. Manhajojin tarin fuka sun fi waɗannan shan gwaji nesa ba kusa ba, amma dangi ɗaya ne, kuma shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ke neman kowane shiri ya auna iyakarsa a kan mutanen wurinsa da na'urarsa, maimakon ya ari lambar da aka yi aiki da ita a wata ƙasa.

A nan ne nake da ƙorafi a kan masu tsara aikin. Iyakar da ake yankawa, 50 ce ko 60 ko wata, mutane ne suka zauna suka zaɓe ta, kuma na ga inda aka ɗaga ta ba don wani bincike ba sai don katirij ya yi ƙaranci, ba tare da an gaya wa ma'aikatan da ke ƙasa cewa yanzu masu cutar da za su wuce sun ƙaru ba. Na ga ana ba matasan da ke cikin mota horon danna maɓalli da cike fam, ba a ba su horon abin da za su faɗa wa mutumin da ya sauko. Ana miƙa wa dattijo takarda da lamba tsirara, babu jimla ko ɗaya da harshensa da ke cewa wannan ba sakamakon cuta ba ne, sannan a yi mamakin ya kai ta kemis. Ana ƙirga nasara da yawan waɗanda aka ɗauka hoto, domin ita ce lambar da ke ƙawata rahoto, ba da yawan waɗanda aka bi har suka fara magani suka gama ba. Kaki yana kwana uku yana jiran mai babur, na'urar GeneXpert kuma ba ta son ɗakin da zafinsa ya wuce digiri 30, a ƙasar da watan Afrilu ke haura 40 kuma wuta ba ta tsayawa. An kawo wata na'urar gwajin kaki, Truenat, mai aiki da batir wadda ke jure zafi har digiri 40, amma ba ta kai ko'ina ba. Duk inda gwajin tabbatarwa ya yi nisa ko ya yi jinkiri, makin kwamfuta ne ke zama hukunci, ko an so ko ba a so ba.

Wannan kuma shi ne giɓin da 'yan damfara suka samu. Tun da jama'a suka ga motar gwamnati da kwamfuta mai ba da lamba, sai masu jakar nan da ke yawo a kasuwanni da tashoshi suka ƙara samun kasuwa, waɗanda ke ba mutum wani ƙarfe ya riƙe minti ɗaya sannan su buga masa shafuka a kan hantarsa da ƙodarsa da ƙarfin mazakutarsa, su ƙare da sayar masa da garin magani. Wannan na'ura ba ta ɗaukar hoton komai kuma ba ta auna komai, kallon kitse ake yi wa rogo. Idan ma'aikacin lafiya da kansa yana cewa "kwamfuta ta ce" a gaban marasa lafiya, da wane baki zai hana su yarda da kwamfutar mai jaka? Mutum ya amince maka da ransa ne domin yana ganin ka san abin da bai sani ba, kuma ranar da za a tambaye ka a kan wannan amana ba za ka ce allo ne ya nuna maka ba.

Duk da wannan faɗan, ina son motar ta dawo garinku, kuma ka taya su tara mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ne suka kamu da tarin fuka a Najeriya a 2023, waɗanda aka gano kuma sun ɗan haura 360,000, sauran suna cikin gidaje da kasuwanni da makarantun allo. Binciken da aka yi gida-gida a ƙasashen Afirka da Asiya ya nuna kusan rabin waɗanda gwaji ya tabbatar suna da cutar ba su kawo kukan tari mai tsawo ba, don haka tambayar alamomi kaɗai ba ta kamo su, hoto ne ke kamo su, kuma ba mu da likitocin hoton da za su bi kowane ƙauye suna karantawa. Wannan ne aikin manhajar, kuma tana yin sa da kyau: ta ƙaro mana mutanen da tambaya ta rasa. Ba a kawo ta don ta cire waɗanda tambaya ta riga ta kamo ba.

Idan motar ta dawo, ka je wurin shugaban tawagar kafin su fara, ka tambaye shi manhajar da suke aiki da ita da samfurinta da iyakar da suka yanka, ka rubuta a littafinka. Ka roƙe su a tambayi kowa alamomi da tarihin shan magani kafin ya hau, kuma duk mai tarin mako 2 a karɓi kakinsa komai makinsa. Ka nemi jerin waɗanda makinsu ya haura amma kakinsu bai nuna cutar ba, domin su ne ake mantawa da su, kuma a cikinsu ne masu fumfuna da masu sankara da masu ciwon zuciya suke, sai ka tura su wurin likita ɗaya bayan ɗaya. Ka sanar da jami'in tarin fuka na ƙaramar hukumarku cewa ana sayar da maganin a kemis, shi ya san matakin da zai ɗauka. Idan kakin maƙwabciyarku ya nuna cutar, jaririnta da duk yaran gidan 'yan ƙasa da shekara 5 a kai su a duba su don a fara musu maganin kariya, kuma kada a raba ta da shayarwa. Allah ya ba su lafiya baki ɗaya.